Na Kai Maganin Ubana Gwaji

Tasalla, matar maƙwabcina Malam Isiyaku, ta sha maganina na shawara. Kwana na shida ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Aka kai ta asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce hanta ce, kuma abin da ta sha ya ƙara lalata ta. Ba wanda ya ce mini komai a ƙauyenmu Dingaya. Gaisuwa dai ta ragu.

Sunana Haladu. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Shekara ashirin ina haƙar rijiya, har wata ta rufta da ni a Maruta, na yini a ƙasa kafin a tono ni. Tun ranar ƙafata ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Sai na koma kan jakar ubana. Magani ɗaya ya bar mini, na shawara: saiwar rawaya da ɓawon wani itace. Busasshe nake bayarwa, kowa ya je gida ya dafa a tukunyarsa. Tasalla ce kaɗai na dafa wa da hannuna, don maƙwabciya ce kuma ba ta da ƙarfin tsayuwa.

Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na ce a kai ni inda ake gwada magani. In guba ne, a nan zan ƙona jakar, ba zan ƙara ba kowa ko ganye ba. Liman ya ce, "Haladu, ba wanda ya sa ka rantsuwa." Na ce na riga na faɗa. Shi ya kira 'yar ƙaninsa, Dakta Rabi, mai aiki a wani ɗakin gwaji a Kano. Ta ce in zo da abu uku: ragowar da Tasalla ta sha, da sabo wanda zan dafa da kaina, da itacen busasshe. A sa na ruwan cikin sanyi.

Litinin, Dingaya zuwa Gwaram

Na fita shida saura kwata, bayan sallar asuba. Matata Asabe ta ba ni kular abincinta, ta ce in ta dawo da tsaga kada in shigo. Sabon maganin na zuba shi a robar lita ɗaya, irin ta maganin feshi. Kowa a wajenmu da ita yake aiki: mai, fura, ruwan gona. Murfinta ba ya yoyo, ba ta fashewa. Asabe ta ɓare takardar, ta wanke da toka da yashi da ruwan zafi, sau uku. A irinta na kai wa Tasalla nata. Na cika wata da ruwan sha na rataya.

Acaɓa na hau. Ruwa ya ɗauke kwana goma, amma hanya har yanzu da taɓo a kwari. Riɗi a tsaye an jingina shi a gonaki yana bushewa. Sau biyu na sauka na taka. Mun shiga Gwaram shida da rabi.

Na sayi ƙanƙara a wajen mai shayi na bakin tasha, na cusa a kula. Na sha shayi da burodi. Mai shayin ya san ni, ya san kuma labarin, don bai tambaye ni inda za ni ba. Bas ta cika takwas saura kwata. Naira dubu biyu. Na ce a ba ni bakin ƙofa saboda ƙafa, kwandasta ya ce na wani ne. Na miƙe ƙafar na nuna masa. Ya ba ni.

Birnin Kudu

Direba ya ce kilomita hamsin da 'yan kai ne. Mun yi awa ɗaya da kwata, don mun tsaya ɗaukar buhunan barkono. Duwatsun garin na fara gani, sannan gada. Tara muka sauka.

Malam Isiyaku na same shi a ƙarƙashin darbejiya a harabar asibiti, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yana koyar da yara a Islamiyya, mutum ne mai sanyi. Ya rame.

"Malam, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Tana magana?"

"Jiya ta ce a ba ta ruwa."

Ya ciro robar ragowar maganin Tasalla daga ƙarƙashin buhu ya miƙo, bai kalle ni ba. Saura kamar kofi ɗaya. Na sa a kula kusa da tawa. Na ce ko zan gan ta. Ya ce barci take. Na juya zan tafi, sai ya ce, "Haladu, ni ban ce kai ne ba."

Na ce, "Ba ka ce ba ni ba ne ba."

Ya koma kan tabarmarsa. Na tafi tasha.

Hanyar Kano

Goma da rabi muka tashi, ƙaramar mota, mutum huɗu a baya. Dubu huɗu. Kular a kan cinyata, ruwan ƙanƙara na ɗiga a wandona. Bayan Kachako aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda mai tumbi ya leƙo.

"Baba, me ke cikin kula?"

"Magani."

"Na me?"

"Shi za ni in ji."

Ya buɗe ya shinshina ya yatsine fuska. Ya rage murya ya ce ko ina da na basir. Na ce ba ni da shi, amma ya rage zama a kan benci. 'Yan mota suka yi dariya, shi ma ya yi, ya buga bayan motar muka wuce.

A Wudil na sayi soyayyen kifi da ƙanƙara ta biyu. Ɗaya da kwata muka shiga Kano. Adaidaita ta kai ni ƙofar wurin, bayan direban ya yi magana da Dakta Rabi a wayata. Na yi azahar a rumfar maigadi.

Ɗakin gwaji

Dakta Rabi ba ta kai arba'in ba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake yi a gida, ta tambayi Liman da mutanen Dingaya. Na buɗe kula a kan tebur. Ta sa safar hannu ta ɗaga robar Tasalla, ta juya ta, ta duba gindinta. Ta ɗaga tawa ta yi haka. Sai ta kalli wadda ke rataye a kafaɗata.

"Baba, wannan fa?"

"Ruwan sha."

"Ɗan sam mini."

Na ji daɗi, na ce 'yar gida ce ba ta ƙyama. Ta zuba a ƙaramar kwalba ta rufe. Ba ta sha ba. Na ce a raina wataƙila azumi take.

Ta ce in dafa maganin a nan, a gabanta, yadda nake yi. Aka kawo tukunyar gilas da ruwansu. Na auna saiwa da tafin hannu, ɓawo yatsa uku, na bari ya tafasa har ruwan ya koma rabi. Duk abin da na yi tana rubutawa. Ta tambayi sunan ɓawon. Ubana bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma sai da ya kwanta ciwon ajali. Na daɗe ina kallon tukunyar. Sannan na faɗa mata.

Ta rubuta lamba a jikin kowace kwalba, ba suna. Ta ce mai aikin na'ura ba zai san wanne ne wanne ba.

Na ce, "Ɓera za ku ba?"

Ta ce a'a. Ta sa aka ba ni farar riga da ledar rufe takalmi, ta kai ni wani ɗaki mai sanyi. Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙananan abubuwa masu rai, kamar katanga da tubali, ido ba ya ganinsu. Ƙwayoyin halitta ake ce musu. Suna da na hantar mutum, ana kiwonsu a nan, ana ba su abinci suna hayayyafa.

"Mai hantar fa?"

"An samo su tun kafin a haife ni, Baba. Ba a yanka kowa don wannan ba."

Ta ɗauko faranti bai fi tafin hannuna ba, da ramuka a jere kamar gurbin dara. Na ƙirga layi takwas, kowanne sha biyu. Ta ce a kowane rami akwai ƙwayoyin nan dubbai. Za a ɗiga musu maganin, wani rami tsarma-tsarma, wani daidai, wani mai kauri, wasu kuma a bar su ba komai don a kwatanta. A sa su a akwati mai ɗumin jikin mutum kwana biyu. Sannan a zuba musu rini, na'ura ta ɗauki hotonsu.

Na'urar kamar ƙaramin firji take, ba wani kwarjini. Ina tsaye ta buɗe baki da kanta ta ja wani faranti ciki. Tana tafiya rami rami, tana tsayawa ta ɗauki hoto ta wuce, ba hannun kowa. Hotunan na fitowa a kwamfuta, kwamfuta na ƙirga masu rai da matattu, har da waɗanda suka fara galabaita. Dakta ta ce wancan farantin na wasu itatuwa ne da ake neman maganin zazzaɓi a cikinsu. Kafin a ce abu magani ne, sai an ga ba ya kashe mai shan sa. Mafi yawansu a nan suke faɗuwa.

"Da mutum ne zai zauna da madubin ƙara girman abu," in ji ta, "sati ba zai gama ba, ido ya gaji, zuciya ta karkata. Ita ba ta san ka ba, ba ta san Malam Isiyaku ba."

Na ce haka nake so.

Talata da Laraba

Talata da safe aka ɗiga maganin. Daga nan sai jira. A ɗakin maigadi na sauka, Malam Audu, tsohon soja, mutumin Rano. Tabarma ɗaya, rediyo ɗaya. Bakinsa ba ya hutawa, ni kuma ba na magana, sai muka daidaita. Da safe koko da ƙosai. Da rana garau-garau a bakin titi, wake ya fi shinkafa yawa, na yaba. Da yamma 'yarsa ta aiko tuwon masara da miyar kuka.

Ya ce, "Boka, ka duba mini ko zan yi arziki."

Na ce, "Ni ba boka ba ne. Amma shekararka saba'in kana gadi. Ba sai an duba ba."

Ya yi dariya har da tari.

Laraba na ga ana haƙa ramin ruwan wanka a bayan ginin. Na leƙa. Ƙasar yashi ce a ƙasa, sun yanke ta a tsaye. Na ce su fito su kwantar da bakin. Babbansu ya ce wane ne ni. Na ɗaga wando na nuna masa ƙafa. Suka fito. Na yini a wurin ina nuna musu, suka saya mini rake. Ranar ban tuna da faranti ba sai da la'asar.

Alhamis

Ƙarfe sha ɗaya Dakta Rabi ta aiko. Na zauna a gaban kwamfuta. Ta fara da ramin da ba a sa wa komai ba. Baƙin fili, cike da ɗige-ɗige shuɗaye, kowanne da ja kewaye da shi kamar garwashi. Ta ce shuɗin shi ne tsakiyar ƙwaya, jan kuma wutar da take aiki da ita. Wadda ta mutu, kore ke shiga cikinta. Na daɗe ina kallo. Wai wannan ne a cikin haƙarƙarina shekara sittin da biyu. Na ce Allah da iko yake.

"Lamba ɗaya. Ragowar Tasalla."

Filin ya zama kamar gonar da fari ya ci. Jan ya mutu. Shuɗin ya ragu, ya ƙanƙance. Kore ko'ina.

"Lamba biyu. Wanda ka dafo daga gida."

Haka. Kusan ba bambanci.

Na miƙe na ɗauki hulata. Na ce, "Shi ke nan. Na gode."

"Baba, zauna."

"Na gani."

"Ba ka gama gani ba. Zauna don Allah."

Na zauna.

"Lamba uku. Wanda ka dafa a nan, a tukunyar gilas."

Shuɗi a cike, ja yana ci. Ta ajiye shi gefe da gefe da ramin da ba a sa wa komai ba. Ban iya rabe su ba. Ta wuce ramin gaba, da na gaba. Sai can a mai kauri sosai, wanda ya ninka yadda nake dafawa sau da yawa, jan ya fara dusashewa. Na ce itace ɗaya ne, hannu ɗaya ne, ta yaya? Ta juya ga kwamfuta. Ta danna.

"Lamba huɗu."

Bai kai na Tasalla lalacewa ba, amma an taɓa shi. Gurbi gurbi ba komai, kore nan da can.

"Wannan wane magani ne? Uku na kawo."

"Ruwan shanka ne, Baba."

Robar na rataye a kafaɗata a lokacin. Na sauke ta na ajiye a ƙasa.

Na ce an wanke ta da toka sau uku. Ta ce roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi duka. In aka zuba abu mai zafi aka rufe ya kwana, sai ta riƙa mayarwa. Na tuna da zafinsa na zuba wa Tasalla, don ya isa gare ta da ɗumi.

"Ni ina sha ban faɗi ba."

"Kai hantarka ƙalau take tukuna. Ita ciwo ya riga ya kama tata, aka ƙara mata wannan safe da yamma."

Ta ce in ji da kyau kada in kai gida abin da ba ta faɗa ba. Ba ta ce maganin yana warkarwa ba, wannan wani aiki ne mai tsawo. Ba ta ce ba ya cutarwa sam ba, don faranti ba mutum ba ne. Abin da ta gani shi ne, a yadda nake dafa shi bai taɓa ƙwayoyin hanta ba, abin da ya zauna a roba kuwa ya kashe su. Za ta aika robobin wani ɗaki a gano sunan gubar. Ta kira likitan Tasalla a gabana ta gaya masa. Ta ce shawara iri-iri ce, wadda ke cikin jini saiwa ba ta isa ba, duk wanda ya zo da ido rawaya in tura shi awon jini tukuna. Na ce na ji. Ta ce suna so su bincika ɓawon nan sosai, a ga ko akwai abin da za a fitar, da sunana da na ubana a takarda. Na ce ta bari in koma gida in gyara abin da na ɓata.

Ta ba ni kwalbar gilas biyu da hotuna huɗu a takarda. Na tambaye ta abin da zan biya. Ta ce in gaishe da Liman.

Juma'a, komawa

Shida da rabi na bar Kano. Malam Audu ya raka ni titi, ya ce in na dawo in zo masa da riɗi. Ba a tsayar da mu a hanya ba. Tara da kwata ina Birnin Kudu.

Tasalla na zaune a kan gado an jingina ta da filo. Idon da sauran rawaya amma tana gane mutane. Ta ce, "Baba Haladu, sannu da hanya." Malam Isiyaku na gefe yana buɗe murfi zai zuba mata kunu a kofi. Innarsa ce ta aiko daga gida da safe, da zafinsa. A robar feshi.

Na karɓe daga hannunsa. Na fita waje na tuttular a kwata. Ya biyo ni.

"Haladu, lafiyarka?"

Na ciro hotunan na shimfiɗa a kan dakali. Na nuna masa ɗaya bayan ɗaya yadda aka nuna mini. Ya fi ni karatu, bai daɗe ba ya gane. Ya kalli robar da ke hannuna.

"Tun da muka zo a cikinta ake kawo mata."

"Daga yau a kwano."

Na ce masa maganin ubana ba shi ne ba, amma ni ne. Ni na zuba, ni na kai. Ya ce, "Da ni ne ma a cikinta zan zuba." Ya riƙe hannuna, bai saki da wuri ba. Muka je bakin ƙofa na sayi kunu a kofi na kawo mata da kaina. Kafin in fita na bi ta ƙarƙashin darbejiya. Na ƙirga irin robar nan bakwai a tabarmin masu jinya. Na tsaya na yi magana, abin da ban saba ba. Wasu suka ji, wata tsohuwa ta ce tata ta fi shekara ba abin da ya same ta. Na bar mata hoto ɗaya.

Sha biyu na isa Gwaram, na yi Juma'a a can. Acaɓa ta sauke ni Dingaya kafin la'asar. Asabe ta karɓi kula ta duba ta ciki da waje, sannan ta ce sannu da zuwa.

Bayan salla na tsaya inda na tsaya wancan karon, jakar ubana a hannu ɗaya, ashana a ɗaya. Na faɗi abin da na gani, ban rage nawa ba. Hotuna suka zaga hannu hannu. Na ce Liman ya yanke.

Liman ya ce, "Cewa ka yi in maganin guba ne. Ba shi ba ne. Mayar da ashanarka aljihu."

Wani daga baya ya ce to a ƙona robobin. Na ce Dakta ta hana, hayaƙin ma guba ne. A huda su a binne nesa da ruwa. Aka ce wa ya san inda ba ruwa a ƙasa? Aka juyo ana kallona.

Na zaɓi tudun bayan makabarta. Kwana biyu ina haƙa a zaune, matasa na kwashe ƙasa. Daga gidana aka fara, roba tara. Gidan Liman shida. Wasu sun ɓoye nasu, na sani, murfin nan yana da daɗin aiki. Ina bi a hankali.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Dakta Rabi da Malam Audu, da Liman.

Tasalla ta dawo gida sati uku bayan nan. Jiya na ji ta ta katanga tana faɗa da awaki. Ni ina Dingaya, a zaurena. Jakar na rataye inda ubana ya bar ta, kwalba biyu a ƙarƙashinta. Na samo irin duma daga Maruta, in ruwa ya sauka zan shuka a bayan gida, don gora.